Suna Linzami

Ƙarfe ɗayan dare a Yelwa.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken kwamfuta
da ƙaurin kifin da Kulu ta banda da yamma.

Ƙungiyar masu jirgin fito ta ba ni aiki:
shafi guda, jerin jirage, kuɗin haye,
da taswirar kogi da Barmo ya zana.
Na ɗauko zanensa na cusa cikin shafina
kamar mai kwantar da baƙo a ɗakin yara,
sai kogi ya koma ja.

Ja wur.
Daga bakin tasha har gungun masu albasa,
kamar an yanka sa a kowace gaɓa.

Na bi layi bayan layi,
ido na yaji, sauro na karɓar haraji,
can na tarar da ɓarnar:
Barmo ya raɗa wa shuɗin zanensa suna "ruwa",
ni kuma can sama, a tambarin gargaɗin ambaliya,
jan launina na kira shi "ruwa".
Id biyu, suna ɗaya, gida ɗaya.
Burauza ba ta tambayar wanne kake nufi;
wanda ta fara tararwa a zaure
shi ne mai sunan.

Kowane gida da tasa dokar.
HTML ta yanzu mai sauƙin kai ce:
sa sunan da ka ga dama, ko da lamba ka fara,
kada dai ka bar fili a tsakiya,
kada kuma a sami takwara ƙarƙashin rufi guda.
Kakarta ba ta yarda da haka ba,
ita sai harafin Bature,
ƙ mai ƙugiya ta tsaya a waje da takalminta a hannu.

XML kuwa tsohon alƙali ne.
Ka ce masa "ga id", ya dube ka ta saman tabarau:
wa ya shaida?
Kawo takardar da ta ce suna ne,
ko ka ɗora masa xml a ka kamar hula,
in ba haka ba kalma ce cikin kalmomi.
Lamba kuma ba ta shiga gaba a kotunsa.

Zanen Barmo SVG ne.
A gidansa shi kaɗai, "ruwa" nasa ne, babu mai ja.
Ranar da ya kwana gidana
sunayenmu suka faɗa tukunya ɗaya,
ludayi kuwa na sama yake fara ɗebowa.

Na tuna tasha ranar kasuwa,
Nomau ya ɗaga murya, "Bagudu!"
mutum biyu suka waiwayo,
ɗaya da igiya a hannu, ɗaya da jarkar mai,
jirgi na ja da baya, babu wanda ya kama.
Tun ranar aka raba su:
Bagudu Dogo, Bagudu na Zamare.
Ba wanda ya karanta wata ƙa'ida,
ruwa ne ya koya musu.

Na goge, na rubuta "barmo-ruwa",
na bi duk inda ake kiransa na gyara kiran,
don sauya suna ba ka gaya wa masu kira ba
jefa wasiƙa ne a rijiya.
Na sabunta shafi.
Jinin ya janye.

Da hantsi na kai wa Nomau a waya.
Ya riƙe ta nesa da fuska, ya daɗe,
ya dubi allon, ya dubi kogin da ke bayansa
mai launin kunun tsamiya,
ya ce, "Tsahara, aiki ya yi.
Amma shekara arba'in ina kan ruwan nan,
yaushe ya taɓa zama shuɗi?"